Mamman Vatsa: Sojan da Ya Bar wa Marubuta Fili

Duk inda aka ambaci Manjo Janar Mamman Jiya Vatsa, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne ranar 5 ga Maris, 1986, ranar da aka harbe shi a Kirikiri ta Legas tare da wasu hafsoshi tara bisa zargin ƙulla juyin mulki. Shekararsa arba'in da biyar a lokacin. Tun daga nan mutuwarsa ta danne rayuwarsa, har ya zama matasa da yawa sun san yadda ya mutu, amma ba su san sunan littafinsa ko ɗaya ba. A ganina wannan rashin adalci ne na biyu. Wanda ya yi yaƙi, ya rubuta waƙoƙi, ya riƙe gidansa da mutunci, ya cancanci a auna shi da aikin hannunsa, ba da hukuncin da kotun soja ta yanke masa a bayan ƙofa kaɗai ba.

An haife shi ranar 3 ga Disamba, 1940, a yankin da yake Jihar Neja a yau. Ya yi makarantar sakandaren gwamnati ta Bida aji ɗaya da Ibrahim Babangida, kuma tare suka shiga soja a ƙarshen 1962. Ya jagoranci bataliya a Yaƙin Basasa, daga baya ya shugabanci rundunar da ke tsaron fadar shugaban ƙasa, ya riƙe makarantar horar da sojan ƙasa ta Jaji, sannan a 1984 gwamnatin Buhari ta naɗa shi ministan Abuja. Hafsoshi da dama sun taka irin wannan tsani. Abin da ya raba shi da su shi ne yadda ya ɗauki kurtu. A 1978 ya tattara waƙoƙin da sojojin Najeriya suka rubuta da hannunsu ya fitar da su a littafi guda mai suna Voices from the Trench, wato muryoyi daga ramin yaƙi, kuma a Inugu aka buga shi, garin da ya kasance hedikwatar Biyafara shekara goma sha ɗaya kafin nan. A duba yawancin abin da aka rubuta kan wancan yaƙi: ko dai tarihin manyan kwamandoji ne, kowa na wanke kansa yana ɗora laifi a kan ɗan'uwansa, ko kuma labaran marubutan da suka ga wahalar daga ɓangaren Biyafara. Ƙaramin sojan da aka kwaso daga ƙauye, aka ba shi horon 'yan makonni, aka ɗora masa bindiga aka tura shi daji, ba a cika jin ta bakinsa ba. Da yawansu 'yan Arewa ne, kuma sun koma gida da raunuka da mugayen mafarkai ba tare da wani ya tambaye su abin da suka gani ba. Hafsan da ya ce wa irin waɗannan su zauna su rubuta, ya kuma nemo musu mai bugawa, ya yi abin da babu dokar bariki da ta tilasta masa.

Nasa rubutun ma haka yake fuskantar ƙasa-ƙasa. Ya yi wa manyan biranen jihohi waƙoƙi a 1973, ya fitar da Back Again at Wargate a 1982, ya yi kundin waƙoƙi da Turancin buroka da ake ji a kasuwa da bariki, ya kuma rubuta littattafan yara masu yawa, har da wani mai hotuna da Hausa da ya kira Bikin Suna. Masu nazarin adabi sukan ce waƙoƙinsa ba su kai zurfin na Christopher Okigbo ko Wole Soyinka ba, kuma gaskiyarsu. Sai dai ba wannan gasar ya shiga ba. Yaron da ke makarantar firamare ta bariki, wanda littattafan karatunsa ke cike da dusar ƙanƙara da sunayen da bai taɓa ji ba, shi Vatsa ya nufa. Sauƙin harshe a gaban irin wannan mai karatu gwaninta ce.

A 1985, yana minista, ya karɓi baƙuncin babban taron Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafa ta a 1981, ya kuma ba ta fili a Mpape domin a gina wa marubuta ƙauyensu. Filin ya sha rigima da jinkiri na shekaru masu yawa, amma yau ga gine-ginen nan tsaye da sunansa.

Akwai ƙorafi mai nauyi da bai kamata a kauce masa ba. Vatsa ɗan majalisar ƙoli ta mulkin soja ne a gwamnatin da ta kafa Doka ta 4 a 1984, dokar da aka ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar Guardian da ita. Mai tambaya yana da hakkin ya ce: ina amfanin ba marubuci fili alhali gwamnatinka na ɗaure mai alƙalami? Ba na jin waƙa tana goge wannan. Duk wanda ya zauna a waccan majalisa yana da kasonsa na alhaki, Vatsa ma haka. Amma marubutan da suka fi kowa adawa da mulkin soja ba su ɗauke shi maƙiyi ba. Da aka yanke masa hukuncin kisa, Achebe da Soyinka da J.P. Clark suka taka da ƙafarsu har barikin Dodan suka roƙi Babangida, wanda ke mulkin ƙasar a lokacin, ya yi sassauci. Ba a jima da fitowarsu ba aka sanar cewa an riga an zartar. Mutanen nan uku ba su saba roƙon masu mulki ba, kuma sun san wanda suka je dominsa.

Batun iyali kuwa wasu za su ce na cikin gida ne, ba ruwan tarihi da shi. A nan ba haka ba ne, domin gidan nasa yana tsakiyar labarin. Matarsa 'yar Kalaba ce, kuma Babangida ne babban abokin ango a bikinsu. An ruwaito cewa a filin harbi ya cire agogonsa da zoben aurensa ya miƙa wa wani soja, ya roƙi a kai wa matarsa. Wanda ke tsaye gaban bakin bindiga ba shi da lokacin yin abu don a gani. Abin da ke ransa shi ke fitowa. Ita kuma ta rayu shekara ashirin da ɗaya bayansa tana renon 'ya'yansu tana neman a wanke sunan mijinta, har ta kai kokenta gaban Shugaba Obasanjo a 2006, ta rasu a 2007 ba ta ga amsa ba. Hukuncin kotun soja minti kaɗan yake ɗauka a zartar, amma mata da yara su ne ke ɗauke da shi tsawon rai, kuma haka abin yake a gidajen sauran tara ɗin da ba a cika ambatonsu ba.

Babbar hujjar da aka kafa a kansa ita ce naira dubu goma da ya ba wani laftanar kanar. Masu tuhuma suka ce kuɗin juyin mulki ne, shi kuma ya ce rancen noma ne. Janar Domkat Bali, wanda ya sanar da kisan da bakinsa, ya fito daga baya ya nuna shakkarsa kan ko hujjar ta kai a kashe shi. Babangida kuwa ya kare hukuncin a littafin tarihinsa na 2025. A watan Oktoban 2025 Shugaba Tinubu ya yi wa Vatsa afuwa. Mataki ne mai kyau, amma bai amsa tambayar da matarsa ta mutu tana yi ba, wato ko ya aikata ko bai aikata ba. Gwamnati ta buɗe takardun waccan shari'a kowa ya karanta. Ƙungiyar marubuta da ke zaune a filinsa, da Jihar Neja, da rundunar sojan da ya yi wa aiki shekara ashirin da uku, su haɗa hannu su sake buga littattafansa, a fara da na yaran, a kai su makarantun bariki da ɗakunan karatu.