Kiwon 'Yan Tsaki A Bazara: Ƙyanƙyasa Ta Kaza Ce, Reno Namu Ne

A bazarar bara, kazarmu ta kwanta a kan ƙwai 12 a lungun da ke bayan madafa, ta ƙyanƙyashe 10. Murna a wurinmu ba a magana, har an fara rabo, wannan na wane, wancan na wance. Kafin wata ya cika saura uku. Shirwa ta sure biyu muna kallo, ɗaya ya faɗa kwanon ruwa, huɗu kuwa suka saki fukafukai suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Umma ta ce haka kiwon kaji ya gada. Amma da muka zauna muka bi asarar daki-daki, sai muka ga kaza ta yi nata aikin, mu ne muka gaza. Abin da muka koya daga nan shi muke son gaya muku, ƙannenmu na sakandare.

Bazararmu ba irin tasu ba ce

Wanda ke kallon bidiyon kiwo a waya zai lura cewa a Turai da Amurka, daga Maris zuwa Mayu ne mutane ke rububin 'yan tsaki. Dalili shi ne lokacin sanyi ke wucewa, yini kuma yana ƙara tsawo. Kaza na buƙatar hasken kusan sa'a 14 a rana kafin ta saki ƙwai sosai. Su babbar damuwarsu ɗumi ne. Mu kuwa a waɗannan watanni zafi kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas a Kano da Sakkwato da Maiduguri, iska kuma a bushe. Saboda haka ba kowace shawara ta bidiyo ce za mu ɗauka yadda take ba. Namu yaƙin da zafi ne da ƙishirwa da shirwa da cuta.

Zaɓen ƙwai

Ƙwan kiret da ake kawowa daga gonakin kaji ba ya ƙyanƙyasuwa, domin ba a haɗa kajin da zakara. Sai ƙwan kazar da ke tare da zakara, kuma zakara ɗaya ya ishi kaji wajen 10. Ku zaɓi ƙwai matsakaici, marar tsaga, marar ƙazanta. Kada ku wanke shi, don akwai wani siririn rufi a jikin ɓawon da ke tare ƙwayoyin cuta, ruwa kuma na tafiya da shi.

Yana da kyau kada ƙwan kwanci ya wuce kwana bakwai a ajiye, balle a wannan zafi da ke saurin lalata shi. Ku rubuta kwanan wata da fensir a jikin kowanne, ku jera su a wuri mai sanyi kamar gefen randa, tsinin yana kallon ƙasa. Idan kaza ta fara kwanci, kada kwaɗayi ya sa ku tara mata 15. Kazar gida ƙwai takwas zuwa 10 take rufewa da kyau. Wanda ya leƙo waje yau, gobe ta juyo shi ciki ta tura wani, a ƙarshe a tashi da baragurbi da yawa.

Kwana 21

Ƙwan kaza kwana 21 yake yi. Na zabuwa 26 zuwa 28, na talo-talo 28, na agwagwar gida kuwa 35. A cikin waɗannan kwanaki kaza na ba ƙwai ɗumin da ya dace, tana kuma juya shi da baki sau da yawa a rana don kada ɗan tayin ya manne wa ɓawo. Injin ƙyanƙyasa ma kwaikwayonta yake yi: zafin digiri 37.5, da juyi aƙalla sau uku kullum har kwana na 18. Sai dai inda wutar lantarki ba ta da tabbas, kaza ta fi inji amana.

Aikinku a nan kaɗan ne, amma ba a wasa da shi. Gurbi ya kasance a inuwa, ba ƙarƙashin kwanon da rana ke gasawa ba. Ku zuba yashi a ƙasa, ku ɗora busasshiyar ciyawa. Idan iska ta bushe ƙwarai, ku ɗan yayyafa wa yashin ruwa, ba ƙwan ba, domin ƙwan da ya rasa danshi fatar cikinsa kan yi tauri, ɗan tsako ya kasa fasawa. Ku ajiye mata ruwa da hatsi kusa, ga kuma toka da za ta yi birgima a ciki don maganin ƙuma. Ƙuma kan iya sa kaza ta gudu ta bar gurbi.

Ga wani gwaji da ya fi zanen littafin bayoloji daɗin kallo. A daren kwana na bakwai, ku shiga ɗaki mai duhu, ku kara tocilar waya a jikin ƙwai. Mai rai za ku ga jajayen jijiyoyi sun bazu kamar saƙar gizo, da ɗan ɗigo baƙi a tsakiya. Wanda haske ya ratsa fes, ku sa masa alama. In kun sake dubawa a kwana na 10 bai canza ba, ku cire shi kafin ya ruɓe ya fashe.

Ranar ƙyanƙyasa, ku riƙe hannunku. Daga fasa ɓawo zuwa fitowa ɗan tsako na iya ɗaukar yini guda. Wanda ya ɓare masa da sunan taimako zai iya tsinka jijiya, jini ya zuba.

Makonni shida na farko

A nan muka yi sake bara. Mun bar uwa ta ja 'ya'yanta bola da kwata tun suna kwana biyu. Abin da ya dace shi ne a killace su tare da ita mako huɗu zuwa shida, a akurki mai iska ko babban kwando ko kejin raga, a inuwa. Wannan kaɗai ya raba su da shirwa da hankaka da mage. Da dare kuma a toshe duk ramin da ɓera ko maciji zai bi.

Ɗan tsako na fitowa da guzurinsa, wato ragowar gwaiduwar da ya shanye cikin cikinsa, wadda kan riƙe shi kwana biyu zuwa uku. Don haka ruwa ne farko. Ku zuba a faranti marar zurfi, ku jera tsakuwa a ciki don kada su nutse, ku canza safe da rana da yamma. Idan kun ga sun buɗe baki suna haki, sun ware fukafukai, zafi ya yi yawa. Idan sun cure wuri ɗaya suna kuka, sanyi suke ji, musamman da asuba ko bayan ruwan farko.

Tsakin gero ko masara kaɗai ba ya gina jiki. Abincin 'yan tsaki na buhu na ɗauke da sinadarin gina jiki kusan kashi 20 cikin 100. Wanda ba shi da kuɗinsa, sai ya haɗa tsaki da garin waken suya da aka soya, ko garin busasshen kifi, da ɗan ganyen zogale. Kakanninmu kuma na da dabarar kifa tsohuwar tukunya mai karmami da kashin shanu a bakin shuri, da safe a samu gara a zube wa 'yan tsaki. Hatsi ko gyaɗar da ta yi fumfuna, kada ku ba su, guba ce.

Rigakafi ya fi magani

Masu kallon Firimiya sun san Newcastle. To akwai cutar kaji mai wannan suna, don a garin na Ingila aka gano ta a 1926. Ita ce kan share kajin unguwa cikin 'yan kwanaki, musamman da hunturu, amma ba ta da hutu a sauran watanni. Alamominta sun haɗa da koren zawo, wahalar numfashi da murɗewar wuya. Ba ta da magani, kafso da ake ɓarewa a ruwa ba ya kashe ta. Sai rigakafi. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato na yin irin wanda ake ɗigawa a ido, mai jure zafi. Kwalba ɗaya ta ishi kaji da yawa, don haka ku haɗa kai da maƙwabta, ku nemi ma'aikacin lafiyar dabbobi ya nuna muku lokacin farawa da na maimaitawa.

Kazar da aka sayo daga kasuwa, ku ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin naku. Idan kaji suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, kada a yanka a ci, a sanar da likitan dabbobi, domin murar tsuntsaye ta ɓulla a Nijeriya tun 2006. Kullum kuma a wanke hannu da sabulu bayan taɓa su.

Duk wannan bai wuce aikin minti 15 kafin tafiya makaranta da wasu 15 bayan an taso ba. Ku ware littafi ku riƙa rubuta ranar kwanci, yawan ƙwai, waɗanda suka fito, waɗanda suka mutu da dalili. Tsakon da aka ƙyanƙyashe a Maris zai tarar da damina da ƙwari da ɗanyar ciyawa, zuwa Satumba ya zama abin kaiwa kasuwa a sayi littattafan sabuwar shekarar karatu.

Mu dai bana kazarmu ta sake kwanci, a kan ƙwai tara. Mun haska, takwas na da jijiya. Keji na nan mun haɗa da ragowar ragar taga, mun kuma yi magana da gidaje uku kan rigakafi. Ku ma ku leƙa bayan ɗakin Umma, wataƙila akwai kazar da ke jiran mai kula.