Tsarin Jinƙai a Majami'ar Metodis da Abin Lura ga Yammacin Zamfara

Gabatarwa

A shekarar 2010, gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinariya a cikin gidaje ta yi ajalin yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta ɗauki babban nauyin jinyar waɗanda suka tsira. A 2024 kuma ambaliya ta raba dubban mutanen Gummi da muhallansu. Waɗannan musibu sun tayar da tambaya: ta yaya al'ummar addini ke tsara taimakon da zai ɗore bayan baƙi sun tafi? Tarihin Metodis na da abin dubawa a nan.

Asalin Tsarin

John Wesley (1703–1791), limamin Cocin Ingila, shi ya assasa wannan tafarki. A 1742, a birnin Bristol, aka kasa mabiyansa rukuni-rukuni na mutum kusan goma sha biyu domin biyan bashin ɗakin ibadarsu. Kowa yakan ba da kobo guda a mako, jagoran rukuni kuwa ya bi gida-gida yana karɓa. Ta wannan zagaye ne aka riƙa gano marar lafiya da mai bashi da wanda ba shi da abin sawa a baka. Daga nan Wesley ya buɗe ɗakin shan magani kyauta a Landan, ya kafa asusun rance ga talakawa.

A Nijeriya

Thomas Birch Freeman ya kawo Metodis Badagiri a 1842. A 1932 aka buɗe matsugunin kutare na Uzuakoli, cikin Jihar Abiya ta yau, inda daga baya aka gwada maganin dapsone wanda ya sauya jinyar kuturta a duniya. A ƙasar Muri, Jihar Taraba, wani reshen Metodis mai ibada da Hausa ya gaji asibitin mishan na Bambur.

Kammalawa

Ƙarfin wannan tsari yana cikin ƙanƙantar rukuni da dawwamar gudummawa da sanin wanda za a tambaya idan wani ya tagayyara. Fiƙihun Musulunci ya tanadi zakka da waƙafi da haƙƙin maƙwabci, ya kuma sanya ceton rai cikin farillan kifaya, kuma Jihar Zamfara na da Hukumar Zakka da Waƙafi. Abin da ya kamaci malamai da ɗalibai su nazarta shi ne yadda kowane masallacin unguwa zai san gidajen da ke kewaye da shi ɗaya bayan ɗaya, tun kafin musiba ta sauka. Allah ne Mafi sani.