Haroset: Kwaɓin dabino mai tuna bautar Bani Isra'ila a Masar

Duk matar da ta taɓa daka dakuwa a Batsari ko Safana, ba za ta sha wahalar gane yadda ake haɗa haroset ba.

Wannan wani kwaɓi ne na 'ya'yan itace da Yahudawa ke ci a daren farko na Idin Ƙetarewa, wato bikin da suke tuna ranar da Allah ya kuɓutar da Annabi Musa (AS) da jama'arsa daga hannun Fir'auna.

Bikin yana farawa ne ranar 15 ga watan Nisan na kalandarsu, wanda kan faɗo a Maris ko Afrilu. Kwana 7 ake yi a Isra'ila, akasarin na sauran ƙasashe kuwa kwana 8 suke yi.

Sunan ya samo asali ne daga kalmar Ibrananci mai nufin yumɓu. Da gangan ake kwaɓa shi ya yi kauri, ya yi launin ƙasa, domin ya yi kama da lakar ginin da Bani Isra'ila suka riƙa kwaɓawa lokacin da suke bauta a Masar. An ambace shi a Mishna, littafin dokokinsu da aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya.

Kowace al'umma da abin da take sawa. Yahudawan gabashin Turai sukan yayyanka tuffa ƙanana, su haɗa da kirfa da walnut, wata ƙwaya mai maiƙo da ke fitowa a bishiya. Na Iraƙi kuma sukan dafa dabino har ya zama kamar zuma, sannan su barbaɗa dakakkiyar ƙwayar a kai.

Amma wanda ya fi kusa da harshen Bahaushe shi ne na Yahudawan Yaman. A cire ƙwallon dabino, a jiƙa shi tare da zabibi har su yi laushi, a kirɓa a turmi, a zuba soyayyen riɗi da citta, wasu har da barkono. Galibi da giyar inabi ake sassauta kwaɓin, ko da yake da yawa sun fi son ruwan inabin da bai tsima ba.

Gyaɗa, wadda ita ce za ta fara zuwa a ran mutumin Katsina, yawancin Yahudawan Turai ba sa cinta a kwanakin bikin.

A wajen cin, sai a tsoma ganye mai ɗaci a cikin kwaɓin, a haɗa da gurasa marar yisti. Ɗacin na tuna azaba ne, kuma ba a so zaƙin ya danne shi.

Labarin dai ba baƙo ba ne ga Musulmi. Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya tarar da Yahudawan Madina suna azumin Ashura saboda wannan kuɓutar, shi ma ya azumce ta, ya kuma umarci sahabbai da haka.

A ƙasar Katsina, lokacin Ashura ne ake cika-ciki, inda a gidaje da dama ake fito da wutsiyar ragon layya da aka adana tun Babbar Sallah, a yi miya da ita, kowa ya ci ya ƙoshi.