OKABANGO: KOGIN DA BA YA KAIWA TEKU

Galibin manyan koguna teku suke nufa, amma ban da Okabango. Daga tsaunukan Angola yake tasowa, ya ratsa Namibiya, sa'an nan ya bazu cikin rairayin Kalahari a ƙasar Botswana. Ambaliyarsa kuwa da ranin ƙasar take isowa, watau tsakanin Yuni da Agusta, daidai lokacin da giwaye da ɓakane ke neman ruwa.

Attajiran Turai da Amurka sukan sauka a garin Maun, ƙananan jiragen sama su kai su masauki a tsakiyar fadama. Tanti ne, amma da gado da makewayi kamar na babban otal. Da asuba 'yan ƙasa su tura su cikin kwalekwale da gora.

Da gangan Botswana ta tsawwala kuɗin: baƙi kaɗan, riba mai yawa, don kada a tattake dajin. Jama'ar Batawana ne da kansu suka keɓe gandun Moremi a 1963. To, sai dai ruwan daga ƙetare yake zuwa. In Angola ko Namibiya suka datse shi, fadama za ta ƙafe, dabbobi su watse, baƙi kuma su ɗauke ƙafa.