Shin Ko Kun San? Sandar Jan Jirgin Sama

Shin ko kun san cewa a nan Kaduna an taɓa haɗa jiragen sama? Air Beetle ke nan, ƙaramin jirgin koyon tuƙi da kamfanin AIEP, wanda daga baya aka sani da Dornier Aviation Nigeria, ya haɗa wa Rundunar Sojan Sama a tsohon filin jirgin Kaduna. Na gwaji ya tashi a 1989, rundunar kuma ta yi odar guda 60. Asalinsa RV-6A ne, ƙirar Richard VanGrunsven na jihar Oregon a Amurka, irin jirgin da ake sayarwa sassa-sassa cikin akwatuna, mutum ya haɗa abinsa a garejin gida.

Shin ko kun san cewa irin wannan jirgi ba shi da giyar baya? Farfela gaba kaɗai take jan sa. In za a shigar da shi rumfar ajiya ko a fito da shi, sai an sa hannu. Nauyin RV-6A ba mai ba fasinja ya kusa kilo 450, don haka mutum ɗaya na iya gungura shi a kan daɓe. Inda gizo ke saƙa shi ne tayar gaba. Ba a haɗe take da abin tuƙi ba, juyawa take yi yadda ta ga dama, kamar tayar kujerar ofis. Matuƙi da birkin dama da na hagu yake karkata jirgin. Da an tura shi baya, sai tayar ta murɗe gefe ta cije, wutsiya ta nufi bango. Maganin wannan wata 'yar sandar ƙarfe ce mai baki biyu, a maƙala ta a gindin tayar, mai ja ya riƙe ɗaya ƙarshen yana sarrafa ta.

To me zai hana a kama farfela a ja? Nan ne nake so ku tsaya. Injin waɗannan jirage ba daga batir yake samun wutar fulogi ba, daga maganeto yake samu, wani ɗan janareta da ke ba da wuta da zarar injin ya juya. Makullin kashewa ta wata siririyar waya yake aiki. In wayar ta tsinke, makulli na nuna a kashe, amma da an ɗan juya farfela injin na iya kamawa, alhali hannun mutum na kanta. Shi ya sa masu koyarwa ke nanata wa ɗalibi ya ɗauki kowace farfela a matsayin mai rai.

Shin ko kun san cewa sandar wani jirgi ba lalle ta shiga wani ba? Bakinta sai ya yi daidai da mariƙin da ke jikin tayar, in ba haka ba ta suɓuce ta fasa murfin taya. Tsawonta ya isa mai ja ya tsaya nesa da farfela. Ta alminiyam ba nauyi, ana tafiya da ita cikin jirgi. Ta baƙin ƙarfe ta zaman rumfa ce. Masu walda na hanyar Kachia a Sabon Tasha, da ke ƙera ƙofofi da ƙafafun tankin ruwa kullum, ba za ta gagare su ba: bututu, mariƙi, da baki. A ganina awon bakin nan ne duk aikin, kuma a jikin jirgin za a ɗauke shi, ba da ka ba. A shafa mata jan fenti don a riƙa ganinta. Irin wannan sanda ta hannu kuwa ba a ɗaura ta a mota, don fizga ɗaya na iya lanƙwasa ƙafar gaba.

Shin ko kun san cewa babbar ɓarnar sandar nan mantuwa ce? Daga kujerar matuƙi hancin jirgi na rufe ta. A tada inji tana maƙale, jirgi ya motsa, ta yi tsalle farfela ta doke ta. Kamfanin Lycoming, mai injin Air Beetle, ƙa'idarsa ita ce in farfela ta doki abu sai an kwance injin an duba cikinsa, ko da a ido lafiya yake. Don haka matuƙa da yawa ba sa sakin sandar sai sun cire ta daga taya, ko da waya ce ta yi ƙara a aljihu.