Kiɗan gita: yadda ɗan koyo zai gyara solonsa

Samari da dama a Yamai, Maradi da Damagaram sun rungumi gita, kuma sun iya raka mawaƙi. Amma da zaran an ba su fili su yi abin da makaɗa ke kira solo, wato kiɗan da mutum ke ƙagowa nan take, sai hannu ya rikice. Wasu su yi ta gudu bisa tsirkiya ba kai ba gindi, wasu su tsaya cik. A wurin biki kuwa, wanda ya ɓata wa masu rawa taki ba a sake kiransa.

A ganinmu, tushen matsalar shi ne gaggawa. Solo magana ce, kuma mai magana yakan faɗi kaɗan, ya numfasa, sannan ya ci gaba.

Mu fara da muryoyi biyar: La, Do, Re, Mi, Sol. Irin wannan tsani mai hawa biyar ne ginshiƙin kiɗan gitar Abzinawa da na marigayi Ali Farka Ture na Mali. Ɗan koyo ya ɗauki kiɗan rakiya a salularsa, ya kunna, ya zaɓi uku kacal cikin biyar ɗin. Ya kaɗa gajeriyar jimla, ya yi shiru kamar mai jiran ƴan amshi, ya maimaita ta, ya sauya ƙarshenta. Duk inda ya zagaya, ya sauka kan La, domin nan ne gida.

Na biyu, kunne. Omara Moctar, wanda aka fi sani da Bombino, ya goge hannunsa da kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler lokacin da yake gudun hijira a Aljeriya da Libiya. A 2011 faifansa mai suna Agadez ya fitar da shi duniya. Mdou Moctar kuwa, bayan ya ga wasan marigayi Abdallah Oumbadougou, da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko. Darasin shi ne a ɗauki jimla guda daga kiɗan gwani, a rera ta da baki, a lalubo ta a kan gita, sannan a juya ta har ta zama ta mutum.

Na uku, taki. Murya ɗaya da ta faɗo daidai da bugun kalangu ko ganga ta fi goma da suka kauce masa. A riƙa buga ƙafa a ƙasa, a fara a hankali. Idan hannu ya zauna, sai a ƙara ado: a bar tsirkiya guda tana amo a sake kamar ta gurmi, ƴan yatsu na wasa a kan ta kusa da ita.

Daga ƙarshe, muna ba ɗan koyo shawara ya riƙa naɗar kiɗansa yana saurare washegari. Kunnen da ya huta ba ya ɓoye wa mai shi gaskiya, shi zai nuna masa inda ya yi gaggawa da inda ya kamata ya yi shiru.