Bala Usman da Tambayar Nan: Kuɗin Wa Ke Cikin Buhun Taliya?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kasuwar Babura ko tashar Kazaure ana saura mako guda zaɓe ya san abin da ake saukewa daga bayan mota: katan-katan na taliya, turamen atamfa masu hoton ɗan takara, sabulu, wani lokaci taki. Na ga wata tsohuwa a wani ƙauye na Roni ta ƙulle naira dubu a bakin zanenta tana sa wa mai rabon albarka. Ban zarge ta ba, yunwa ba kanwar lasa ba ce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu wanda ya tambayi inda kuɗin suka fito.

Wannan tambaya ita ce Dakta Yusufu Bala Usman ya ƙare rayuwarsa yana yi. An haife shi a Musawa a 1945, ɗan gidan sarautar Katsina, ya yi Kwalejin Barewa da Jami'ar Lancaster a Ingila, sannan ya zauna yana koyar da tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, har rasuwarsa a watan Satumba na 2005. Da ya so, da ya yi zamansa a inuwar fada. Sai ya bi ɓangaren talakawa. Lokacin da aka naɗa shi cikin kwamitin tsara kundin mulki a 1975, shi da Segun Osoba suka ƙi sa hannu a rahoton masu rinjaye, suka rubuta nasu, mai neman a taka wa masu riƙe da muƙami birki wajen tara dukiya. Aka yi watsi da rahoton nasu. Daga baya ya riƙe muƙamin sakataren gwamnatin PRP ta Balarabe Musa a Kaduna.

Fahimtarsa a kan manyan masu kuɗin ƙasar nan ita ce yawancinsu ba sa ƙera komai. Dillalai ne, 'yan kamasho, masu tsayuwa tsakanin kamfanin ƙetare da baitulmali. Kamfani na son kwangila, ɗan siyasa na son kuɗin kamfe, dillali ya haɗa su ya ɗauki la'adarsa. In talaka ya fara farga, sai a jefo masa rigimar addini ko ƙabila. A kan haka ya rubuta littafinsa na 1987 game da wasa da hankalin jama'a ta hanyar addini, bayan wanda ya fitar a 1986 yana adawa da sharuɗɗan Asusun Lamuni na Duniya.

Bakolori ce misalin da ya fi ciwo. Kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwan Bakolori kusa da Talata Mafara, manoma suka rasa gonaki, suka nemi diyya, a Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Bala Usman na cikin waɗanda suka hana a binne zancen.

Mu nan ƙasar Kazaure ba baƙin wannan aƙida ba ne. Kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991 muna cikin Jihar Kano, kuma dattawan Gwiwa na tuna lokacin da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci zaɓen 1979 a Kano ba don ta fi NPN aljihu ba.

Dokar kamfanoni ta hana kamfani bai wa jam'iyya gudummawa, dokar zaɓe ta 2022 kuma ta ƙayyade kuɗin kamfe a naira biliyan 5 ga mai neman shugabancin ƙasa, biliyan 1 ga mai neman gwamna. Amma a 2003 manyan 'yan kasuwa sun tara wa Obasanjo kuɗin kamfe a bainar jama'a, a Disambar 2014 aka yi alƙawarin kusan biliyan 21 a dare ɗaya don takarar Jonathan, a 2022 kuwa fom ɗin APC na shugaban ƙasa kaɗai ya kai naira miliyan 100. Malamin firamare na Babura ba zai taɓa sayen wannan fom ba. Wanda ya saya wa wani kuwa bashi ya bayar, kuma zai karɓi abinsa a kwangilar hanyar da damina ɗaya za ta cinye, da takin da zai iso bayan gero ya fitar da kai.